Kada ku raba kwana takwas ga garuruwa uku

Tun da matasanmu na Jidda da Makka suka fara zuwa Turai da hunturu domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, da wuya wata ya wuce wani bai kawo mini wayarsa yana nuna mini garuruwan da yake son haɗawa a tafiya ɗaya ba. Duk sanda na ga irin wannan jeri sai in tuna da wanda na tsara da hannuna, na ja ƙanena da ɗan ƙanwata cikinsa: kwana takwas, garuruwa uku, wato Val Thorens da Chamonix a Faransa, sannan Zermatt a Suwizalan. A taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa su duka. Amma da muka dawo na zauna na ƙirga, sai na ga kwana huɗu kacal muka yi a kan ƙanƙara, domin ranar zuwa da ranar komowa da ranakun ƙaura biyu duk hanya ce ta cinye su.

Ƙannena, ranar ƙaura ba ranar wasa ba ce, ko da waya ta ce tafiyar awa uku ce. Sai kun bar ɗaki da hantsi, kun mayar da kayan da kuka yi haya, kun gangara hanyar dutse mai kwana-kwana ta kilomita 37 daga Val Thorens zuwa Moûtiers, kafin ma ku hau babban titi. Mu kuma sai muka sa ƙaurarmu ta farko ranar Asabar a watan Fabrairu, ba tare da na san cewa Asabar ce ranar da baƙin mako ke fita sababbi na shigowa ba, kuma lokacin ne makarantun Faransa ke hutun hunturu. Cunkoson ya tuna mini da hanyar Makka a goman ƙarshe na azumi. Bayan an isa kuma sai a sake bin layin haya, a sake gwada takalma. Takalmin da na samu a gari na biyu ya matse mini ƙwauri har ya yi jawur, ina kwance maɗauransa a duk hawa, alhali na baro wanda ya zauna mini daidai. Tikitin hawa dutse da talfirik, wato motar da ke tafiya rataye a igiya, shi ma gwargwadon yawan kwanakin da ka saya a wuri ɗaya, gwargwadon sauƙin kuɗin kowace rana, mu kuwa muka yi ta sayen guntu-guntu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, abin da muka tashi nema muka bari a baya. Val Thorens na cikin yankin Trois Vallées, inda Méribel da Courchevel da Les Menuires suke haɗe da juna da hanyoyin zamiya na kimanin kilomita 600, a kan tikiti ɗaya. Mutum zai kwana a gado ɗaya, ya yi hantsi a wannan kwari, ya ci abincin rana a wancan, duk ta talfirik irin na Hada da ke Ɗa'if da kujerun da ke tafiya a kan igiya. Sharaɗin kawai shi ne ka san lokacin da na ƙarshe ke rufewa, domin wanda yamma ta riska a wani kwarin sai tasi mai tsada. Saboda haka idan aka tallata muku tikitin da ya ƙunshi wurare da yawa, ku tambaya ko a haɗe suke ko kuwa sai an shiga mota. Tikitin Dolomiti Superski na Italiya ya ƙunshi yankuna 12 da kilomita 1,200, amma ba duka ne ke haɗe ba. Chamonix kuwa, duk da sunan da ta yi tun da ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, filayenta a warwatse suke, sai ka riƙa jiran bas ɗauke da allunan zamiya a kafaɗa, kuma da dama daga cikin gangarenta na gwanaye ne.

A nan ne na zalunci ɗan ƙanwata. Iyakar saninsa da ƙanƙara shi ne filin cikin gini na Dubai, ni kuma na zaɓi garuruwan don sunansu, ban duba launin hanyoyinsu ba. A Faransa kore na ɗan koyo ne, shuɗi na biye, ja na wanda ya iya, baƙi na ƙwararre. Na ga yaron nan tsaye a bakin wata jar hanya, gwiwoyinsa na rawa, ya ce mini, "Kawu, ni dai ku je, zan jira ku a ƙasa." Da mun zauna wuri ɗaya na sa shi wurin malami ɗaya na kwana biyar, da ya dawo gida da abin da ya koya. Wanda ya fi kowa rauni a ayari shi ya kamata ya zaɓa muku gari.

Ku kuma tuna daga bakin teku kuka taso. Val Thorens na kan tsayin mita 2,300, kuma daren farko na kwana da ciwon kai da haki, ko matakala biyu ban iya hawa a jere ba. Ya fi kyau ku kwana a gari mai ƙasa-ƙasa kamar Méribel, ku riƙa hawa sama da rana, ku yawaita shan ruwa.

Motar haya ba ta amfane mu ba. Doka a yankunan duwatsun Faransa ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ni kuwa ban taɓa ɗaura sarƙa a taya ba sai ranar da na durƙusa a gefen titi da yatsu a sandare. Zermatt ma ba a shiga da mota, sai an ajiye ta a Täsch a hau jirgin ƙasa, ana biyan kuɗin ajiya. Inshorar da na saya don biza kuwa, sai bayan mun dawo na karanta na ga ba ta ƙunshi wasan ƙanƙara ba, alhali ɗauko wanda ya karye daga kan dutse kuɗi ake biya. Allah ne ya tsare mu.

Abinci ku tambaya kafin ku ci, domin akwai naman alade a tartiflette, wato gashin dankali da cuku, kuma da giya ake narka cukuin fondue. Salla kuma ku shirya mata tun da safe, saboda yinin hunturu gajere ne, kuma a kan rufe talfirik tun kafin almuru. Yanzu idan na je, ɗaki ɗaya nake kamawa na mako guda kusa da bakin fili, in yi alwala kafin in sa takalma, in ajiye ƙaramar darduma a jakar baya, in haɗa Azahar da La'asar ƙasaru a bayan wani gidan abinci inda iska ba ta bugowa.