Godiya bayan karayar da na samu a duwatsun Gotthard

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, an sallamo ni daga asibiti, ina gida a Zurich da sanduna biyu. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe ni.

A watan Agusta na je Andermatt, a jihar Uri ta Suwizalan, don in taka gangaren dutsen Gemsstock, ɗaya daga cikin duwatsun Gotthard, mai tsayin mita 2,961. Da hunturu masu zamiya a kan ƙanƙara ne ke cika wurin. Da rani kuwa ƙanƙarar ta narke, ciyawa ta fito, makiyaya su hau da shanunsu tun Yuni, sai Satumba su sauko. Ganganci na yi, na tafi ni kaɗai da takalmin yawon gari. Wani jiƙaƙƙen dutse ya kwashe ni, ƙafar dama ta karye a idon sawu, waya ta fashe.

Ina kwance ina salati, ba na jin komai sai ƙararrawar wuyan shanu. Can sai ga kare, bayansa wani dattijo makiyayi. Jamusancinsa na ƙauye ne, ko rabi ban gane ba. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe ni, ya kira 1414, lambar masu ceto ta sama, ya zauna riƙe da hannuna har jirgi mai saukar ungulu ya iso. Hannun nan kaushi gare shi, da ƙanshin madara, sak na Fulanin da ke kawo mana nono muna yara. Ko sunansa ban tambaya ba. Baba, Allah ya albarkaci garkenka.

Ina godiya ga ma'aikatan jirgin da likitocin da suka yi mini aiki.

Sai Yayana, da ya baro aikinsa a Milan a daren. Jirgin ƙasan da ya hau ya bi ramin ƙarƙashin duwatsun Gotthard da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 57, cikin kusan minti 20. Yana shigowa ya fara faɗa: mutane sun huda dutse don kada su hau shi, ni kuma na je hawa da ƙafa. Yaya, na ji, na gode.

'Yan uwa Hausawa da suka yi ta kawo tuwo da farfesu, da Hajiya da ta sa aka yi mini addu'a a gida, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Idan ƙafa ta warke kafin shanu su sauko, zan koma in nemi dattijon. Rigarsa tana wurina.