Lahadi, kwatar bakin masallaci

Yau ma gayya. Ana sallame asuba 'yan fadarmu muka faɗa kwata, shebur uku, baro ɗaya na aro. Leda, yashi, matacciyar kaza, leda kuma. Tun ambaliyar Agustan 2024 ba a roƙon kowa sau biyu a unguwarmu ta Bagalam, nan Maraɗi. Wanda ya ga katangar laka ta kwanta a kan kayan maƙwabcinsa ya san inda ruwa ke bi in hanyarsa ta toshe.

Ana ta raha. Inna ta aiko da fura a babban kwano, muka sha a tsaye.

Sai ga Kawu da carbinsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, ni kuwa baƙin taɓo har gwiwa. Ya ce, "Ɗana, nawa magajin gari ke ba ku?" Na ce, "Ko dala, Kawu, don Allah muke yi." Ya gyaɗa kai. Ya ce su ma zamanin Shugaba Kunce sun yi Samariya, ƙungiyar matasa ta aikin gayya, sun share tituna, sun buga tubalin ajin makaranta, da kiɗa da komai. Har na fara murmushi, na ɗauka yabo ke tafe. Sai ya ƙara da cewa, "Amma mu daga gona muke dawowa mu yi. Kai daga ina ka dawo?"

Ban ce uffan ba. Me zan ce? Takardar Jami'ar Ɗan Dikko na cikin akwati, ƙarƙashin zannuwan Inna. Kuma ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. Abin da na kasa gaya masa: ranar gayya kaɗai nake barci tun kafin a kashe janareton mai shago. Sauran ranaku shayi ne, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, sai waya har ido ya yi ja. A cikin kwata kuwa ana kiran sunana, ana cewa miƙo baro, tsofaffi na sa albarka. To unguwa nake yi wa, ko kaina nake jinya? Da ina da albashi zan fito?

La'asar hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi.

Hannu duk kanta. Mai baro ya aiko yaro, wai taya ta sace, jika ɗaya.