Yadda Na Fara Ɗinka wa Takalmi Riga

Anko uku aka fitar a bikin ƙanwata: na kamu, na yinin biki, da na walima. Duk macen da ta taɓa shiga hidimar biki ta san kuɗin atamfa ba shi ne ƙarshen magana ba. Ga ɗinki, ga mayafi, ga gudummawa, sannan a zo kan takalmin da zai hau da kayan. Ni kuwa a lokacin takalman fita biyu gare ni, dukansu sau-ciki masu ɗan tudun dunduniya, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa. Mai ruwan ƙasan tun cikin kayan lefena ya zo, fatarsa ta fara saɓulewa a goshi amma ƙasansa garau.

Na sha ganin hotunan takalma da jakunkuna da aka lulluɓe da atamfa a Facebook, sai na ce tunda ina taɓa ɗinki wannan ba zai gagare ni ba. Na shiga kasuwar Ƙofar Wambai na sayo gam irin na masu haɗa takalmi, na ɗauko guntun atamfar kamu da ya rage. Da dare bayan yara sun yi barci na rufe ɗaki, na lafta gam a jikin takalmin lefen nan, na ɗora ƙyalle tun gam ɗin yana ɗanye sharaf. Nan take ya ratso atamfar ya fito ta sama, ya yi dabbare-dabbare kamar an ɗiga mata manja. A goshin takalmin ƙyallen ya tattare ya ƙi kwanciya, na ja nan can ya ɗage, na ja can nan ya yamutse. Warin gam ya cika ɗakin, na kwana da ciwon kai. Da safe na yi ƙoƙarin ɓare shi, sai ya taho da fatar takalmin. Na zauna na daɗe ina kallonsa. Ba tsadarsa ta dame ni ba, shi ne abu na ƙarshe da ya rage mini daga akwatin aurena.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi a bakin layinmu, ya fi shekara ashirin a gindin bishiya ɗaya. Na sa takalmin a leda na kai masa ko zai iya ceto shi.

"Baba, ina wuni? An yi kasuwa?"

"Lafiya lau, 'yata. Me aka kawo mana?"

Ya jujjuya shi a hannu, ya shinshina, ya ce, "Gaggawa ce ta ci wannan takalmi. Gam ɗin nan ba ya kamu yana ɗanye. Sai an kankare wurin da sanfefa, a shafa shi siriri a ɓangarorin biyu, a ajiye kamar minti 10 zuwa 15, har ki taɓa da bayan yatsa ki ji bai biyo ki ba. Sannan a haɗa. Kuma kada ki ƙara buɗe shi a rufaffen ɗaki ko kusa da risho, wuta yake kamawa kamar fetur."

Daga nan ya karɓi guntun atamfar da ke hannuna. Ya ja ta ta tsawo, ba ta motsa ba. Ya ja ta ta faɗi, da ƙyar ta ɗan saki. Sai ya kama kusurwa biyu masu kallon juna ya ja a karkace, atamfa ta miƙe kamar da roba a cikinta. Ya ɗora ta a kan gwiwarsa a haka, ta bi gwiwar ta kwanta lif, babu tattara ko ɗaya. Wannan yankan karkace teloli ke kira bayas, na san shi sarai wajen kewaye wuyan riga, amma bai taɓa faɗo mini ba cewa goshin takalmi ma lanƙwasa ce irin ta wuya.

Da na gaya masa anko uku ne, takalmi kuma ɗaya ya rage, sai ya ce, "To in kin manne masa na kamu, ranar walima fa? Ke da kike da keke a ɗaka, ki ɗinka masa riga mana, ya sa ya tuɓe." Ya ƙara da cewa yi wa takalmi ado ba baƙon abu ba ne a garin nan, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa sarakunan Kano ke sa takalmin gashin jimina, dukawa kuma ba su taɓa daina yi wa fata zane da ɗinki ba.

A kan maganarsa na gina duk abin da nake yi yau.

Wurin da aikin yake shi ne fitar da samfuri, kuma daga jikin takalmin ake ɗaukarsa, tef na awo ba ya yin komai a nan. Ina cusa tsumma a ciki har takalmin ya cika ya tsaya yadda yake in ƙafa na ciki. In naɗe shi da leda marar kauri, sannan in bi ledar da salatif ɗin takarda, guntu-guntu, kowanne ya hau rabin na bayansa, har saman takalmin ya rufu kaf. Da biro nake zana layi uku: bakin takalmin inda ƙafa ke shiga, layin da saman ya haɗu da ƙasan, da layi ɗaya a miƙe a tsakiyar dunduniya. In bi layukan da reza a hankali (reza sabuwa, hannu sako-sako, don kada a tsaga fatar da ke ƙasa), in ɗago abin kamar ɓawon ƙwai. Ba zai yarda ya kwanta a kan kwali ba sai an ɗan tsattsaga shi a goshi, tsaga uku ko huɗu ƙanana. Bayan na zana shi a kwali ina ƙara rabin inci a ƙasa don kalmasa, inci guda a sama wanda zai lanƙwasa ya shige cikin takalmi, da rabin inci a baya don haɗi.

Ƙafar dama da ta hagu ba ɗaya ba ne, gefen ciki ya fi na waje shiga. Samfuri ɗaya ya isa, amma sai an kifa shi kafin a yanka ta biyu. Na manta da wannan a karon farko, na yanka dama sau biyu, ƙyallen kamu ya ƙare, sai da na roƙi yayata guntun nata.

Atamfa auduga ce, tana shan ruwa ta ɗan tsuke, ga kuma sitatin da take zuwa da shi daga kamfani. In ba a wanke guntun an goge shi kafin yanka ba, rigar za ta zauna daidai ranar farko, wankin farko kuma ta ƙi shiga. Rabin yadi yana isar ƙafa biyu, duk da yankan karkace yana cin yadi fiye da yadda mutum ke zato. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne zaɓen inda zanen zai faɗa. An yi zanen atamfa ne don jikin mutum, fure ɗaya kan kai faɗin tafin hannu biyu, goshin takalmi kuwa bai wuce tafi ɗaya ba. Sai in yi ta yawo da kwalin a kan ƙyalle har in sami wurin da zai ba da ma'ana, in kuma nemo irinsa sak don ɗaya ƙafar. Idan dama ta samu fure hagu ta samu ganye, duk kyan ɗinkin ido zai ga kamar wari-da-wari aka sa. Wani lokaci gara a guje wa furen gaba ɗaya a ɗauki wurin ƙananan zane.

Shafi nake yi da yadi marar nauyi, shi ma a karkace. Na gwada manna masa irin abin nan mai gam da teloli ke gogewa a kwalar riga don ta tsaya, sai ya kashe miƙewar da na sha wahalar nema. Yanzu a dunduniya kawai nake sa ɗan yanki, don bayan kada ya zube.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a wurin kamu ya faru. Rigar farko na yi ta ne kamar safa, ta rufe har ƙasan takalmin, don a ganina ta haka za ta fi kamawa. A tsakar gidanmu siminti ne mai kaushi, na taka na zagaya ban ji komai ba. Ɗakin taron kuwa tayil ne mai sulɓi. Ina ɗauke da tire cike da lemo, na zo juyawa, ƙafata ta tafi. Wata 'yar ƙanwar babarmu ce ta cafko ni ta mayafi, gwiwata ta bugi ƙasa, kwalabe biyu suka fashe. Allah ya tsare ba wanda ya yanke. Amma a gabana akwai wata mai tsohon ciki da ta gama tambayata ko zan yi mata irinsa, kuma har na amsa mata. Tunanin da na kwana da shi ke nan. Da na tuɓe rigar a gida, ƙyallen da ke ƙasa ya riga ya huje a yini ɗaya.

Washegari kafin yinin biki na farke ta biyun da na riga na ɗinka, na yanke ƙasan gaba ɗaya. Tun daga ranar ƙa'idata ita ce duk inda takalmi ke taɓa ƙasa a bar shi tsirara. Abin da ke riƙe rigar uku ne. Siririyar roba da nake zurawa cikin kalmasar ƙasa, ta kama ɗan kwarin da ke tsakanin saman takalmi da ƙasansa. Sai roba mai faɗin inci guda da ke ratsawa ta ƙarƙashi dab da gaban dunduniya, a wurin nan da ya ɗage ba ya taɓa ƙasa. Sai kuma incin da ya lanƙwasa ciki, wanda ƙafar mai takalmin ke dannewa da kanta. Shi ya sa takalmi mai ɗan tudu ya fi karɓar riga. Shafaffe wanda ƙasansa duka ke shan ƙasa, robar ba ta jimawa take tsinkewa, sai na sa siririyar fata a madadinta, guntayen da nake samu wurin dukawa a kasuwar Kurmi.

Ba kowane yadi ne ke yarda ba. Shadda tana da taurin kai, ba ta son lanƙwasa, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya bar mata tabo. Leshi yana da kyau ƙwarai amma dole a yi masa shafi mai launinsa, kuma yana maƙale wa bakin zane ko doguwar riga. Karammiski ya fi kowa kwanciya, sai dai da hunturu ƙura yake kwasa kafin a kai bakin titi. Da damina kuwa ina gaya wa kowa ta sa rigar a jaka, sai ta isa wurin taro ta saka. Duwatsun ado da allura nake ɗinka su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na sa su a kan layin da takalmi ke karyewa in an taka, wajen gindin yatsu, don nan suke fara zubewa. Silifa da buɗaɗɗen takalmi ba sa ɗaukar irin wannan riga, sai dai a naɗe igiyoyinsu, wannan kuma wani aikin ne daban.

Da mata suka fara kawo aiki, wasu kan aiko yaro da ƙyalle a ce lamba 39. Ina mayar da shi ya zo da takalmin kansa. Takalma biyu masu lamba ɗaya, wani goshinsa tsini wani zagaye, samfurin wannan ba ya hawa wancan. In na fitar da samfuri ina ajiye shi a ambulan da sunan mai shi, wani bikin in ya zo ƙyalle kawai za ta aiko. Nakan ce musu su riƙa karɓar ragowar yadinsu daga wurin tela. Turmin atamfa yadi 6 ne, da kuɗinki kika sayo shi a Kantin Kwari, guntun da ya rage ma naki ne, ba abin kunya ba ne ki tambaya.

Akwai aikin da ba na karɓa. In takalmi ya buɗe baki ko dunduniyarsa na rawa, ba na rufe shi da atamfa, sai a fara kai wa Baba ya gyara. Wata ta ji haushina a kan haka, ta ce ai rufe aibin ne ya kawo ta. Na ce mata, "Hajiya, saɓulewar fata zan rufe miki da murna, amma ba zan ɓoye abin da zai kayar da ke ba." Bayan kwana uku ta dawo da shi a gyare.

Baƙin takalmin nan nawa yanzu rigunansa goma sha ɗaya, suna ninke cikin wani gwangwanin alawa a kan kekena. Sau biyu Baba yana canza masa dunduniya. A zuwan ƙarshe na tafi da shi sanye da rigar wata atamfa shuɗiya da nake ganin ban taɓa yin mai kyanta ba. Ya sa tabarau, ya tuɓe rigar, ya juya cikinta, ya bi kalmasar da babban yatsa tun daga goshi har baya, ya mayar da ita. Sannan ya juyo mini da bayan takalmin ya ce, "'Yata, dubi nan. Haɗin ya kauce wa tsakiyar dunduniya, ya karkata ciki." Na duba, kuwa haka ne, kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu. A daren na farke haɗin, na gyara layin a jikin kwalin, na sake ɗinkawa.