Godiya Bayan Kwana 19

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, jiya da la'asar aka sallamo maigidana Malam daga asibiti bayan zamewar da ya yi ya ji ciwo a ƙugu, mun iso gida Tromsø a ƙasar Nowe yana takawa da sanduna biyu. Kwana 19 ke nan rabona da barcin kirki, don haka in kun ga maganar tawa tana kwan-gaba kwan-baya ku yi mini uzuri. Ba zan maimaita duk yadda abin ya faru ba. Yawancinku kun bi komai tun daren farko, wasunku ma sun fi ni riƙe sunayen magungunan.

Abu ɗaya dai zan faɗa, saboda an yi ta tambayata me ya kai mu ƙauyukan masunta a tsakiyar sanyi. Baba, mahaifin Malam, ya yi shekaru yana sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari ta Kano, har da kawunan nan masu tauri da 'yan kudu ke kira okporoko. Ya sayar da su rabin rayuwarsa bai taɓa ganin inda suke fitowa ba. Malam ya ce tunda Allah ya kawo mu Nowe karatu, ba zai koma gida ba sai ya ɗauko wa Baba hoton wurin. Shi ya sa muka nufi tsibiran Lofoten a watan Maris, lokacin da kifin da suke kira skrei ke gangarowa daga tekun Barents don zubar da ƙwai. Mun bi hanyar E10 har ƙarshenta a ƙauyen Å, mun ratsa Reine da Hamnøy, duk inda ka duba kifi ne rataye bibbiyu a kan katakon shanya, an ɗaure su ta wutsiya, ba gishiri ba hayaƙi, iska ce kawai ke busar da su. Gangar jikin yawanci Italiya ake kai ta, kawunan kuma namu ne. Wani dattijo da ya ji mun ce Najeriya, sai ya nuna mana jerin kawunan yana dariya kamar ya ga dangi. Malam ya ɗauki hotunansa, ya tura wa Baba, Baba ya kira yana ta mamaki. Wannan ita ce ranar ƙarshe da na ga Malam yana tafiya da ƙafafunsa ba sanda.

Washegari a Nusfjord ya zame a kan katakon matsayar kwale-kwale. Ƙauyen ɗan ƙarami ne, a can cikin lungun teku tsakanin duwatsu, ɗakunan katako jajaye tsaye a kan turaku bisa ruwa, hanyar shiga kuma ɗaya ce tal. Na kira 113, lambar motar asibiti, aka ce suna tafe amma dusar ƙanƙara ta cika hanya, sai an share. Ban gama maganar ba wayata ta mutu, sanyi ya cinye batirin. Malam yana kwance ba ya iya motsa ƙugunsa, leɓɓansa sun fara canja launi, yarinyarmu tana riƙe da hijabina tana kuka. A lokacin nan na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne, idan ta Allah ta kasance a nan, wa zai yi masa wanka, wa zai sallace shi?

Wani tsoho da matarsa ne suka fito daga ɗaya daga cikin ɗakunan. Shi ya ci gaba da magana da mutanen asibiti a wayarsa, suna faɗa masa yadda za a yi, ya kira wasu samari biyu suka shigar da Malam ciki a hankali, aka lulluɓe shi da barguna. Ni kuma magariba ta yi, zuciyata ba ta son komai sai in kai goshina ƙasa. Ba waya, ba rana, ban san inda zan fuskanta ba. Na riƙa cewa gabas, gabas, don haka muka saba a gida. Tsohon ya tsaya yana kallona. Turancina ya gudu, nasa ma ba shi da yawa, sai da na ce Makka sannan fuskarsa ta sake. Ya fita cikin wannan iskar, ya je kwale-kwalensa, ya dawo da kamfas a hannu, gashin girarsa duk ƙanƙara. Ya duba wayarsa, ya duba kamfas ɗin, ya shimfiɗa mini tawul mai tsabta, ya karkata shi kudu maso gabas. Sannan ya cire hularsa ya koma bakin ƙofa ya tsaya, bai motsa ba har na sallame.

Ina sallamewa na ga matar durƙushe a gabana. Ta girmi Innata. Ta cire mini jiƙaƙƙiyar safata, ta murza ƙafafuna da tafin hannunta har jini ya dawo, ta sa mini safar ulu irin saƙar hannu. Yarinyar kuwa tuni ta yi barci a kan kujerarsu da madara mai ɗumi a cikinta. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun rana. Ya Allah, ka san su ka san gidansu. Ka saka musu da mafificin alheri, ka tsare su a teku da tudu, ka haskaka zukatansu da shiriya, kada ka bar su su kaɗai ranar da suke buƙatar wani.

Likitoci da nas-nas na tsibirin, da waɗanda suka yi masa aiki a birnin Bodø, da direban da ya share hanya a daren nan, ban san sunan kowa ba, Allah ya san ku. 'Yan'uwa na masallacin Tromsø da suka haɗa kuɗin masauki ba tare da na roƙa ba, Allah ya ninka muku.

Akwai waɗanda suka ce kada in ambace su, amma ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Anti ta Oslo, kin bar aikinki da 'ya'yanki kin hau jirgi kin zo kin karɓi yarinyar kwana 8, kina dafa mana tuwon shinkafa a ɗan kicin ɗin masauki don kawai Malam ya ji ƙamshin gida ya ci. Yaya ta Zariya, kowace asuba kiranki ne ke tashina. Kawu na Fagge da ya sa almajirai suka sauke Alƙur'ani, da Innata da ta ɓoye hawayenta a waya don kada in karaya, na ji muryarki na gane. Allah ya raya muku zuri'a, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, ya jiƙan magabatanmu.

Akwai kuma na jiki, na jini, da har yau ko sannu ba mu ji daga gare su ba, alhali ina ganin sunayensu cikin masu duba abin da nake sawa. Ɗaya ya aiko a faɗa mana wai dama me ya kai mu. Na ji, ya yi mini zafi, na bar wa Allah.

Baba ya daina cin abinci sosai tun ranar, yana cewa saboda shi aka je. Don Allah duk wanda ke kusa da shi ya leƙa ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa bidiyon Malam yana takawa. Likita ya ce sai an yi watanni ana gashi da motsa jiki kafin ya ajiye sanda, muna neman ƙarin addu'a.

Safar tana nan, na wanke ta na ninke. Malam ya ce da kansa zai mayar wa matar nan ta Nusfjord idan ya warke. Masu son gaishe shi ku kira bayan azahar, kuma ku tuna yanzu agogon nan ya wuce na gida da awa ɗaya.