Fitila ta kama, kwamfuta ta ce ba ta ga allo ba

A shagonmu da ke Agege muna haɗa na'urorin da ke kashe famfo idan tanki ya cika, galibi da allon ESP32 ko Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ake loda wa umarni daga kwamfuta. Duk yaron da ya zo koyon aiki, da zarar allo ya ƙi magana da kwamfuta, maganarsa ɗaya ce: "Maigida, direba ce," wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka soka mata. Sai ya shiga intanet yana sauke duk manhajar da ya ci karo da ita. Ni kuwa abin da aikin nan ya koya mini shi ne, kafin a kai ga direba akwai abubuwan dubawa da suka fi ta yawan laifi.

Kebul ne ya fi ɓata mana lokaci. Na kirki yana da wayoyi 4 a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Da yawa daga cikin masu araha da 'yan talla ke yawo da su cikin cunkoson motoci na caji ne kawai, wayoyi biyu ke nan. Ka soka shi, jar fitilar allo ta kama, hankalinka ya kwanta, alhali fitilar wuta kawai take shaida, ba ruwanta da bayanai. Gwajin ba wuya: haɗa wayar salularka da kwamfuta da wannan kebul. Idan ba ka iya buɗe hotunan cikinta ba, ka mayar da shi wurin caji. Mu yanzu duk wanda ya ci jarrabawa muna naɗa masa salatif, kuma ba ya fita daga shago.

Idan kebul ya tsira, sai a juya allon a karanta rubutun da ke kan ɗan aisin (IC, ƙaramin ɓangaren lantarki mai ƙafafu) da ke kusa da bakin USB, domin shi ne tafinta tsakanin allo da kwamfuta, kuma kowanne da direbarsa. Arduino Uno R3 na asali yana amfani da ATmega16U2, amma yawancin kwaikwayon da ake samu a Computer Village ta Ikeja CH340 ne na kamfanin WCH da ke Sin. Allunan ESP32 kuma wasu CP2102 ne na Silicon Labs, wasu CH340. Idan rubutun ya goge, kwamfuta da kanta za ta faɗa. A Windows, Device Manager yana nuna lambobin shaidar na'ura, a Linux kuma umarnin lsusb ne ke nunawa: 1a86:7523 na CH340 ne, 10c4:ea60 na dangin CP210x, 0403:6001 na aisin kamfanin FTDI. Wanda ya san lambar, direba ɗaya zai sauke, daga shafin kamfanin da ya ƙera aisin. Ina hana yara shafukan nan masu alkawarin gyara duk direbobi a danni ɗaya, don tarkace suke cika kwamfuta da shi.

Jabu ma na da nasa rikicin. A 2014 FTDI ya fitar da direbar da ke mayar da lambar jabun aisinsa zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane su, har sai da surutu ya yi yawa aka janye ta. Shi ya sa nake fifita CH340 mai arha a kan abin da aka rubuta wa FTDI amma farashinsa bai yi kama da gaskiya ba.

Masu Linux ba su cika buƙatar sauke komai ba, tasu matsalar izini ce: /dev/ttyUSB0, wato tashar da kwamfuta ke magana da allon ta cikinta, ya bayyana amma ya ƙi buɗuwa sai ka shigar da sunanka rukunin masu izini (dialout a irin su Ubuntu), ka fita ka sake shiga. A Ubuntu 22.04 kuma manhajar brltty ta makafi tana ƙwace CH340, tashar ta bayyana ta ɓace nan take. Umarnin dmesg ne ke tona wannan.

Wani lokaci komai ya zauna daidai, tashar COM (sunan tashar a Windows) tana nan, amma loda wa allon umarni ya ƙi. A duba ko wata manhaja tana riƙe da tashar, don manhajoji biyu ba sa buɗe ta tare. Idan ESP32 ne ya tsaya yana jera ɗige-ɗige, a danne maɓallin BOOT har lodin ya fara, sannan a saki. Idan kuma rubutun da ke fitowa daga allon shirme ne, saurin da aka saita wa tashar ne bai dace ba, a mayar da shi 115200.