Abin da Tirelar Kwana Ta Koya Mini Game da Shan Man A-kori-kura

A watan Yuni na shekarar 2022, wanda shi ne watan da matsakaicin farashin galan ɗaya na fetur ya haura dala 5 a Amurka, na ɗaura sabuwar tirelarmu ta kwana a bayan motata, na kwashi iyalina daga Dallas muka nufi Colorado Springs, tafiyar da ta kai kimanin mil 720. Irin wannan tirela ɗaki ce a kan tayoyi, mai gadaje da wurin girki da makewayi, wadda iyalai da yawa a nan suke ja zuwa wuraren shaƙatawa don su huta da kuɗin otal. Motar tawa a-kori-kura ce mai silinda 8 da tankin galan 26, daga cikin ajin da ake kira rabin tan, wato ajin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 da Ram 1500. Ga wanda ya saba da lita da kilomita, galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne.

Idan motar tana tafiya ita kaɗai a babbar hanya, tana ba ni mil 20 a kowane galan. Da tsohuwar tirelarmu, wadda nauyinta bai wuce kilo 1,500 ba, kuma gajera ce siririya, ina samun mil 13. Sabuwar ta kai kilo 3,100 idan an yi mata lodi, faɗinta ƙafa 8, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kusan ƙafa 11. Na san man zai ƙaru, amma duk lissafina a kan nauyi na ɗora shi, na ɗauka cewa idan na rage kaya na kuma bar tankin ruwa babu komai, zan tsira da mil 11 ko abin da ya yi kusa da haka.

Hanyar lamba 287 muka bi ta Wichita Falls da Childress har Amarillo, kuma a yawancinta doka ta yarda a yi gudun mil 75 a awa. Ni ma na bi sahun sauran motoci, allurar maleji tana tsakanin 72 da 75, domin injin bai nuna gajiya ba. Washegari na cika tanki a Dumas, muka wuce Dalhart, muka shiga jihar New Mexico. A Clayton uwargida ta dubi gejin mai ta ce, "Maigida, da ka tsaya an ƙara, na ga allurar nan tana sauka kamar ana zuƙar ta." Na ce mata saura mil 80 da 'yan kai mu isa Raton, kuma abin da ke cikin tanki ya ishe mu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne iskar da ke bugowa daga yamma a wannan fili fetal da ba shi da itace, ga kuma hanyar da take ta hawa a hankali ba tare da ido ya lura ba. Muna wuce dutsen Capulin fitilar mai ta kama. Na rage gudu zuwa 50, na kashe na'urar sanyi, yara suka yi tsit, ni kuwa babu abin da nake yi sai salati har muka gangara cikin Raton. Galan 23 motar ta sha kafin famfo ya tsaya, a tafiyar da ba ta wuce mil 165 ba, wato mil 7.2 a galan, ko kilomita 3 kacal a kowace lita.

Daga wannan rana na daina dogara da lambar da kwamfutar mota take nunawa, na sayi ƙaramin littafi. Duk inda na sha mai, sai na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na rubuta mil nawa na yi da galan nawa na zuba, da gudun da na riƙe, da inda iska take fitowa. Na gano cewa lambar kwamfutar tawa takan ɗara lissafin hannu da kusan rabin mil, abin da ba ya damun mai tafiya fayau, amma yana da muhimmanci ga wanda duka-duka mil 8 yake samu.

A dawowa na riƙe gudun mil 62, na samu sama da mil 10 a galan, sai dai ban yarda da wannan sakamako ba, saboda Colorado Springs tana sama da ƙafa 6,000 daga doron teku, Dallas kuwa ba ta kai ƙafa 500 ba, don haka gangara ta taimake ni. Bayan mun koma gida sai na riƙa gwadawa a hanya guda, zuwa da dawowa, a ranakun da iska ta kwanta. A gudun 70 na samu mil 8.3, a gudun 62 na samu 10.2, a gudun 55 kuma 11.3. Daga nan na gwada abin da na fi yarda da shi tun farko: na zubar da ruwan tanki, wanda galan 40 ne, wato kilo 150, na sauke janareta da kekunan yara da tukwanen ƙarfe, har na rage kusan kilo 250. Bambancin da na gani bai kai rabin mil a galan ba, kuma ba zan iya rantsuwa cewa ba sauyin iska ne ya kawo shi ba.

Wanda ya warware mini zaren wani dattijo ne ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare, wanda ya shekara fiye da ashirin yana tuƙa manyan motoci tsakanin jihohin ƙasar nan. Na nuna masa littafin na ce, "Baba, na rage kaya, amma man bai ragu ba." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ba kaya kake ja ba, bango kake ja. Je ka tsaya a gaban motar ka duba abin da ya leƙo ta samanta da gefenta." Na je na duba, na ga gaban tirelar ya ɗara rufin motar da fiye da ƙafa 4, ya kuma fito ta kowane gefe. Bayan mako biyu ya roƙe ni in ja masa wata tirela marar rufi da ƙaramar mota a kanta, nauyinsu duka kusan kilo 3,000, daidai da tawa. A gudun 65 na samu mil 14 a galan. Nauyi ɗaya, mota ɗaya, direba ɗaya, amma bambancin ya kai mil 4 da ɗoriya.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya yi karatun kimiyya, ni ne dai ban haɗa shi da aljihuna ba. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Wanda ya tashi daga mil 60 zuwa 70 ya ƙara gudunsa da kashi 17 cikin 100, amma ƙarfin da iska take tura shi baya da shi ya ƙaru da kashi 36. Sannan iskar ba ta san abin da maleji yake nunawa ba, gudun da take haɗuwa da gaban tirela shi ne abin lissafi. Idan ina tafiya a 65 kuma iska mai gudun mil 20 tana fuskantata, tamkar ina keta iska a 85 ne, turjiyar kuma ta ƙaru da kusan kashi 70. Abin da ya same mu tsakanin Clayton da Raton ke nan. Nauyi kuwa yana cin mai ne wajen tashi daga tsaye, da wajen hawa tudu, da ɗan abin da yake ƙara wa gogayyar taya da kwalta. Da zarar mota ta miƙe a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kasonsa kaɗan ne idan aka gwada shi da na iska.

Wannan bai sa na raina nauyi ba, domin inda yake da haɗari daban ne. Na kai motar da tirelar sikelin manyan motoci da ke gidajen man direbobi, aka auna mini kowane layin taya daban. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai nuna iyakar abin da mota za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, tawa kilo 750 ce. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan maɗaurin da ke bayan mota, nawa ya kama kilo 400. Da na haɗa da mu biyar da ƙarafunan da ke rarraba nauyin zuwa tayoyin gaba, sai na ga saura kilo 10 ko 20 in cike iyakar, tun kafin a saka ko jaka ɗaya a bayan motar. Ashe a tafiyar Colorado, da janareta da itacen wuta a baya, na wuce iyaka ban sani ba. Akwai masu mayar da kaya can ƙarshen tirela don su sauƙaƙa wa mota, amma wannan dabara ce mai kisa, domin idan nauyin gaba ya gaza kashi 10 tirela takan fara lilo, musamman idan babbar mota ta wuce ta.

Na yi wani kuskuren da ya kamata in ambata. Motar tana da maɓallin jan kaya, wanda yake sa giya ta daɗe kafin ta hau sama, kuma yake taimaka wa birki a gangara. Da na ji injin yana ƙara, sai na ɗauka mai yake ƙonawa a banza, na kashe maɓallin. Giyar ta shiga hawa da sauka a kowane ɗan tudu, zafin man giya ya fara tashi, littafina kuma bai nuna ribar ko ɗigo ba. Na mayar da shi, ban sake taɓawa ba. Haka ma na'urar da take riƙe gudu da kanta: a fili tana da amfani, amma a hawa takan danne totur har ƙasa don kada gudun ya ragu da ko mil ɗaya. A mashigar Raton, wato hanyar da ta ratsa tsaunukan da ke tsakanin New Mexico da Colorado, wadda ta kai ƙafa 7,834 daga doron teku, da ƙafata nake tuƙi, in bar gudun ya sauka zuwa 45 a layin dama. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da ya hau, don haka a can sama ya riga ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar, kuma matsa masa ba ya dawo da abin da siririyar iska ta hana shi. A Colorado kuma za a ga fetur mai lamba 85 (lambar octane da ke nuna ajin fetur) wanda ya fi araha. Littafin motata 87 ya ce, shi nake saya.

Tayoyi nakan auna su da safe kafin su yi zafi, na tirela in cika su daidai da abin da aka rubuta a jikin tirelar. A nan ne ma na lura cewa tayoyin tirela da yawa an ƙera su ne don gudun da bai wuce mil 65 ba, alhali na yi kwana biyu ina jan nawa a 75 cikin zafin Yuni. A California doka ma ba ta yarda mai jan tirela ya wuce 55 ba.

Na yi tunanin sauya motar da babba mai shan dizal, tun da galan ɗin dizal ya fi na fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15, injinsa kuma ya fi dacewa da ja. Da na lissafa kuɗin da zan cika, na raba shi da tafiye-tafiye huɗu ko biyar da muke yi a shekara, sai na ga rarar man ba za ta biya shi ba kafin yara su girma su bar gida. Wanda yake ja kowane mako lissafinsa daban ne.

Abin da na zauna a kai shi ne gudun 62. A tafiyar mil 300 yana ƙara mini kimanin minti 33 a kan gudun 70, amma yana bar mini kusan galan 7 a tanki. Kafin mu tashi nakan duba hasashen iska, in za ta yi ƙarfi da rana sai mu kama hanya bayan sallar asuba, kuma ina shan mai a kowace mil 150 ko da allura tana rabi, a gidajen man da na riga na duba cewa tirela za ta iya juyawa a cikinsu. A bazarar da ta biyo baya mun sake bin wannan hanya, na tsaya a Clayton tun kafin uwargida ta buɗe baki, kuma da muka isa Raton na rubuta mil 9.8 a littafin.