Yinin da na kai ɗalibaina ajin gona

Da takarda mai shafi biyu na isa gonar, na tsara komai minti-minti: bayanin ƙasa, sassan tsiro, dabbobi, hutu, tambayoyi. Yara 18 na kawo, 'yan shekara bakwai zuwa takwas, tare da malama guda da ke taimaka mini. Ajin rumfa ce kawai, da benci huɗu da allo. Dattijon da ke kula da gonar ya karɓi takardar, ya duba, ya miƙo mini. "Malam, cusa ta can cikin aljihu," in ji shi, "akuya na cin takarda." Na yi dariya, na ɗauka raha ce.

Da ƙasa muka fara. Kowane rukuni ya zuba ƙasa a kwalba, ya cika da ruwa, ya rufe, ya girgiza. Yashi ne ke fara kwantawa, cikin minti guda ko biyu, saboda ƙwayarsa ta fi girma da nauyi. Lallausar ƙasa kan ɗauki sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ko ta fi. Aikin ya yi musu daɗi. Ni ne na ɓata shi, don da suka ajiye kwalaben sai na tsaya gaban allo ina zuba bayani. Ban kai rabi ba wata yarinya ta kurma ihu, ta tono tana. Kafin in rufe baki benci ya zama wayam.

Har na ɗaga murya zan kira su, Baba ya yi mini alama da hannu. Ya jiƙa tafinsa, ya ɗora tanar, yara suka yi masa zobe. "Baba, ina idonta?" Bai amsa ba, ya ce su nemo. Suka duba gaba, suka duba baya, suka rasa. Sai a lokacin ya gaya musu ba ta da ido, ba ta da huhu, ta fata take numfashi, shi ya sa idan ta bushe sai ta mutu. Wani ya ce ai in an raba ta biyu, tana biyu ake samu. Baba ya ce ɓangaren kai kan rayu wani lokaci, na wutsiya kuwa mutuwa yake yi, kuma ba za a gwada a gonarsa ba. Na lura da yadda yake jan amsa, yana barin tambaya ta ɗan yi musu ƙaiƙayi. Ni da an tambaye ni, da tuni na amsa na wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne wajen cire ciyawa a kunyar wake. Laifina ne: na ce su cire ciyawa, ban nuna musu bambancin ganyen wake da na ciyawa ba. Wani yaro mai himma ya kama wake da hannu biyu ya tumɓuke shi da saiwa. 'Yan'uwansa suka hau shi da tsiya, ido ya cika da ƙwalla. Baba ya karɓi tsiron, ya wanke saiwar a bokiti, ya ɗaga ta sama. Ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita kamar tsakuwa.

"Ciwo ne," in ji yaran. Wanda ya tumɓuke ya ɗan saki rai, wai ashe marar lafiya ya cire. Baba ya fasa ƙulli guda da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan ya juyo gare ni: "Malam, wannan naka ne." Na tsuguna na faɗa musu cewa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zaune a ciki. Suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi abincin tsiro, shi kuma tsiron ya ba su sukari da mazauni. Jan launin alama ce ta cewa suna kan aiki. Shi ya sa manomi ke shuka wake ko danginsa bana, baɗi ya sa hatsi a wurin. Wannan bayani yana shafi na biyu na takardata, kuma na sha yin sa a aji ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Ranar nan sai da saiwar ta zaga hannu 18, aka fasa ƙullayen duka. Da ƙyar muka hana su tumɓuke sauran kunyar.

Na taɓa karanta cewa Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, wato lambun yara, yana ware wa kowane yaro ɗan filin shukarsa. A da ina ɗaukar hakan ado. Da na ga yadda yaron nan ya sake tona rami, ya binne ƙwayar wake a gurbin wanda ya cire, ya kafa tsinke don kada a taka, sai na canza ra'ayi.

Bayan hutu muka shiga ɗakin ajiya, huɗu-huɗu, aka rufe ƙofa. Baba ya ciro ƙwai daga na'urar ƙyanƙyasa, wadda ke riƙe zafi wajen digiri 37.5, ya haska shi da tocila. Kwanansa takwas, saura 13 ya cika 21 ɗin da ƙwan kaza ke yi kafin a ƙyanƙyashe shi. Jijiyoyin jini sun bazu a ciki kamar saƙar gizo, ga wani baƙin ɗigo yana motsi. Ban taɓa jin ajina ya yi tsit haka ba. Ba a bar kowa ya taɓa ba, kuma nan da nan aka mayar da shi kada ya huce. Wahalar tana waje, inda malama ke fama da sauran 14 masu jiran layi, ba mu tanadar musu abin yi ba.

Wajen awaki, suna mamakin yadda akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, na sunkuya in nuna musu tuƙa. Wata akuya ta zare takardata daga aljihu. Rabin jadawalin na ƙwato.

Wanke hannu ma ban sa shi a lissafi ba. Kaji da awaki na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, don haka dole kowa ya cuɗa da sabulu kafin ya taɓa abinci. Famfo ɗaya, yara 18, ya cinye mana lokacin tambayoyi gaba ɗaya. Zuwa na gaba aiki biyu zan ɗauka maimakon shida, in ƙara babba guda, in tafi da bokitai, in kuma yi kowane aiki da hannuna a gabansu kafin in sake su.

Kwalaben muka taho da su, ruwan duk ya sake dagulewa a mota. Muka jera su a taga. Bayan kwana biyu na iso na tarar da yara biyar sun riga ni, sun manna hanci a jikin kwalba da rula a hannu, suna gardamar ƙasar wane rukuni ce ta fi laka.